ABU RAIHAN ALBIRUNI: MALAMIN DA BA YA YANKE HUKUNCI SAI YA AUNA



Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya halicci kowane abu bisa tsari da ma'auni. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad Sallallahu Alaihi Wasallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau zan ɗan ratse daga tarihin malaman hadisi da fiƙihu da muka saba kawowa, in ba ku tarihin wani bawan Allah da ya ƙarar da rayuwarsa yana awo. Ya auna zinare, ya auna ruwa, ya auna tsawon dutse, har girman duniyar nan da muke takawa sai da ya auna. Sunansa Abu Raihan Muhammad ɗan Ahmad Albiruni.

Abin da ya sa na zaɓo shi, shi ne halin da 'ya'yanmu suke ciki a darasin kimiyya. Yaro zai yi shekara shida a sakandare, ya haddace ma'anar wannan, ya haddace ƙa'idar wancan, ya ci jarrabawa, amma bai taɓa ɗora komai a kan sikeli da hannunsa ba. Wasu iyayen kuma har gobe kallon kayan aro suke yi wa wannan fanni, suna ganin ba mu da gado ba mu da tsiri a cikinsa. To ku biyo ni ku ji.

ASALINSA DA TASOWARSA

An haife shi a shekara ta 362 bayan Hijira, daidai da 973, a gefen birnin Kas da ke yankin Khawarizm, a bakin kogin Jaihun. Wurin yana cikin ƙasar Uzbekistan ta yau, kuma garin da ke nan yanzu sunansa yake amsawa. Kalmar birun a Farisanci tana nufin waje, wato shi mutumin bayan gari ne, kamar dai yadda Bakano zai ce wane ɗan Waje ne. Don ku gane zamaninsa da kyau, lokacin da Ibnu Abi Zaid Alƙairawani mai littafin Risala ya rasu a shekara ta 386, Albiruni yana saurayi ɗan shekara 24.

Allah Ya haɗa shi da malami tun yana yaro, wato Abu Nasr Mansur, wanda ɗan gidan sarautar Khawarizm ne kuma gwani a lissafi da ilimin falaki. A hannunsa ya tashi. Yana ɗan shekara 17 ya auna tsayin rana a tsakiyar yini, ya fitar da matsayin garinsu a doron ƙasa da lissafi. Ku duba shekarun nan da kyau. Sa'an ɗalibin ajin ƙarshe ne a sakandare.

A shekara ta 995 rikicin sarauta ya ɓarke, aka kifar da gidan da ke riƙe da shi, dole ya yi gudun hijira. Ya zauna a Rayyi, kusa da Tehran ta yau, cikin talauci. Shi da kansa ya ba da labarin yadda wani masani ya raina ra'ayinsa a can don kawai ba shi da abin hannu, da hali ya canza kuma mutumin ya dawo yana girmama shi. Halin mutane ke nan tun jiya.

Duk da haka bai ajiye awo ba. A shekara ta 997 ya shirya da Abul Wafa Albuzajani, wanda ke Bagadaza, cewa kowannensu zai lura da kusufin wata guda daga garinsa, ya rubuta lokacin da ya gan shi. Da suka haɗa rubutun, sai suka ga tazarar kusan awa ɗaya ce tsakanin garuruwan biyu, da ita kuma suka gane nisan da ke tsakaninsu ta gabas da yamma. Babu waya, babu agogon hannu. Wasiƙa ce da alƙawari da amana.

TAMBAYOYINSA GA IBNU SINA

A waɗannan shekaru ne ya yi musayar wasiƙu da Ibnu Sina, wanda ya girme wa da kusan shekara bakwai. A lokacin masu falsafa sun ɗauki maganar Aristo tamkar yankan wuƙa. Albiruni ya jero tambayoyi a kan maganganun nasa, kuma biyu daga ciki duk wanda ke da firiza a gida zai gane su. Idan zafi ne ke sa abu ya kumbura, sanyi ya sa ya tsuke, me ya sa kwalbar da aka cika da ruwa take fashewa idan ruwan ya daskare? Me kuma ya sa ƙanƙara take tasowa saman ruwa, alhali daga ruwan ta fito?

Amsar da aka tabbatar daga baya ita ce, ruwa ya saɓa wa yawancin abubuwa. Idan ya daskare ƙaruwa yake yi da kusan kashi 9 cikin 100, nauyinsa kuma yana nan yadda yake. Shi ya sa kwalba ke fashewa, shi ya sa ƙanƙara ke iyo. Kuma da wannan hikima ta Ubangiji tafkuna a ƙasashen sanyi suke daskarewa ta sama, kifaye su rayu a ƙasa. Subhanallah! Abin lura a nan, saurayi ya ga abin da idonsa ke nuna masa bai yi daidai da abin da ke cikin littafin babban mutum ba, sai ya tambaya da hujja.

DAGA JURJAN ZUWA GAZNA

Wajajen shekara ta 1000 yana fadar Sarki Ƙabus a Jurjan, inda ya rubuta Al'asarul Baƙiya, littafin da ya tattara kalandun al'ummomi da ranakun bukukuwansu. Daga baya ya koma Khawarizm, ya zauna a birnin Jurjaniyya. A shekara ta 1017 Sarki Mahmud na Gazna ya ci ƙasar da yaƙi, ya tafi da shi Gazna, cikin Afganistan ta yau. Ba da son ransa ya je ba, amma a can ya yi sauran rayuwarsa.

Ta wannan hanya ya shiga ƙasar Indiya. Yana da shekara sama da arba'in ya zauna ya koyi Sanskirit, harshen littattafansu, don kada ya dogara da tafinta. Wajajen 1030 ya kammala littafinsa a kan Indiya, wanda ya buɗe da bayanin bambancin labarin da aka ji da abin da aka gani, da kuma dalilan da ke sa mutane ƙarya idan suna ba da labari. Ya kawo aƙidun mutanen yadda suke faɗinsu da bakinsu, bai bi su ba, bai kuma yi musu ƙage ba.

A wata ganuwa mai suna Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya auna girman duniya. Kafin shi, a zamanin Halifa Ma'amun, sai da aka tura ayari suka yi ta tafiya a sahara suna awo. Shi kuwa dutse ɗaya ya ishe shi. Ya fara gano tsawon dutsen daga ƙasa, sannan ya hau ƙololuwarsa ya auna yadda ƙarshen gani yake sunkuyawa, ya haɗa da lissafi. Abin da ya samu bai yi nisa da abin da aka sani yau ba, wato kusan kilomita 6,371 daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta. Kuma a littafinsa Tahdidu Nihayatil Amakin, wanda ya kammala a 1025, ɗaya daga cikin manyan buƙatunsa shi ne fitar da alƙiblar Gazna daidai. Kun ga lissafi yana yi wa salla hidima.

AWON ZINARE DA RUWA

Yanzu mu zo kan abin da ya fi shafar darasin 'ya'yanmu. Akwai abin da suke kira dansiti a makaranta. Kada sunan ya ba ku tsoro, duk macen da ke shiga kicin ta san shi. Mudun gero da mudun dusa girmansu ɗaya, amma ɗaga su ka ji. Geron ya fi nauyi, domin ya fi cushewa. To wannan nauyin abu gwargwadon girmansa shi ne dansiti. Da shi mai regaya take raba tsakuwa da shinkafa. Shi ne ke sa man gyaɗa ya hau saman ruwa, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, litar man gyaɗa kuwa ba ta cika kilo ba. Shi ne kuma ke sa ƙatuwar ƙwarya ta yi iyo, 'yar allura ta nutse.

Nauyi ba shi da wuyar sani, sikeli zai faɗa maka. Matsalar ita ce girma. Ta yaya za ka auna girman ɗan guntun zinare ko dutsen da ba shi da siffa tsayayyiya? Tun zamanin Arshimidis, masanin Girka, an san cewa idan ka nutsar da abu a ruwa, ruwan da zai ture daidai yake da girman abin. Albiruni ya ɗauki wannan ya ƙera masa kayan aiki. Wani ɗan kasko ne mai kama da buta, gindinsa da faɗi, wuyansa siriri, da ɗan bututu lanƙwasasshe a jikin wuyan. Sai ya cika shi da ruwa har bakin bututun, ya ajiye tafin ma'auni a ƙarƙashi. Sai ya auna miskali 100 na abin da yake son gwadawa, ya zuba a ciki. Ruwan da ya zubo ta bututun sai ya auna shi.

Miskali 100 na zinare yana ture ruwa miskali biyar da 'yar ɗoriya. Miskali 100 na azurfa yana ture tsakanin tara da goma. Ma'ana zinare ya ninka ruwa nauyi kusan sau 19. Ku je ku buɗe littafin kimiyyar ɗanku, za ku ga an rubuta 19.3. Azurfa 10.5, darma 11.3, zaiba kusan 13.6, baƙin ƙarfe kusan 7.9, kuma awonsa a kan waɗannan duk ya zo kusa da haka. Abubuwa 18 ya gwada ta wannan hanya, tsakanin ƙarafa da duwatsu masu daraja. Ƙarafa yana gwada su da zinare, duwatsu kuma da yaƙutu.

Amfaninsa a fili yake. Idan maƙeri ya cuɗa zinare da azurfa ko tagulla, launi zai iya ruɗin ido, nauyi ma a daidaita shi a sikeli, amma ruwan da zai ture sai ya fi na zinare tsantsa. A nan asirin mai algus yake tonuwa. Wannan ilimi ne da ke tsare dukiyar marayu da sadakin mata da lissafin zakka.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya yi aikin. Ya tsuke wuyan kaskon don ko ƙaramin canji ya bayyana. Yana tace ƙarfen kafin ya gwada, don kada ya auna gauraye ya kira shi tsantsa. Ba ya yarda da awo ɗaya, sai ya maimaita ya sake maimaitawa. Da ya lura ruwa ma suna ya tara, na gishiri daban, na daɗi daban, mai zafi daban, mai sanyi daban, sai ya tsaya a kan ruwa guda, na kogin Jaihun, a lokaci guda na shekara. Sannan ya rubuta yadda ya yi dalla-dalla. Shi ya sa bayan rasuwarsa da shekara kusan saba'in, Alkhazini ya iya kawo siffar kaskon da sakamakon awon a littafinsa Mizanul Hikma, ya ɗora nasa a kai.

YADDA YA YI DA CAMFI

A littafinsa na duwatsu masu daraja, Aljamahir, wanda ya rubuta yana dattijo a zamanin Sarki Maudud, ya ci karo da camfe-camfe da yawa. Mutane sun yi ittifaƙi cewa idan maciji ya kalli zumurrudu idonsa zai tsiyaye. Littattafai sun faɗa, manya sun faɗa. Albiruni ya samo maciji, ya kewaye shi da zumurrudu, ya yi ta gwadawa wata da watanni, cikin zafi da cikin sanyi. Idon maciji ko gezau. Sai ya rubuta abin da ya gani. Haka aka kawo masa wani dutse da Turkawa suke cewa yana saukar da ruwan sama, ya gwada yadda aka ce a yi, ko ɗigo bai sauka ba.

'Yan uwa, mu da ake turo wa saƙo a WhatsApp cewa ganye kaza yana warkar da cuta arba'in, mu tura wa mutum ɗari kafin mu gama karantawa, ina muke a wannan ma'auni? Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari. Malaman hadisi sun ƙarar da rayuwarsu suna tantance wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaya haddarsa take. Abin da suka yi wa ruwaya shi Albiruni ya yi wa dutse da ƙarfe. Tarbiyya ɗaya ce.

Sai dai a kiyaye, kowane ma'auni da abin da ake aunawa da shi. Al'amuran gaibu da hukunce-hukuncen shari'a daga wahayi ake karɓarsu, ba a ɗora su a sikeli. Nauyin ƙarfe da amfanin magani kuwa, Allah Ya ba mu ido da hankali mu gwada. Shi ma Albiruni ba ma'asumi ba ne. Ya yi aiki a fadojin da ake duba da taurari, kuma ƙarshen littafinsa Attafhim a kan wannan yake, duk da shi kansa ya nuna raunin dogaro da shi. Mu muna ɗaukar lissafin tafiyar rana da wata, duba kuwa shari'a ta hana, mun bar shi. Amma ku lura da wani abu a wannan littafi. Ya tsara shi ne cikin tambaya da amsa, daga lissafi mai sauƙi zuwa mai zurfi, kuma wata mace mai suna Raihana ya rubuta wa. Masu cewa lissafi ba na 'ya mace ba ne, sai su ji.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Ya rubuta littattafai sama da ɗari, kaɗan ne suka iso gare mu. Mafi girma a ilimin falaki shi ne Alƙanunul Mas'udi, wanda ya sadaukar ga Sarki Mas'ud ɗan Mahmud. Masu tarihi sun ruwaito cewa sarkin ya aika masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali, ya nuna ba ya da buƙata. Na ƙarshe shi ne littafin magunguna, Assaidana, wanda ya rubuta gani da ji sun yi rauni, yana kawo sunan kowane magani cikin harsuna da dama don kada mai saye ya ruɗe.

Yaƙut Alhamawi ya kawo cewa wani malamin fiƙihu ya je duba shi yana gargarar mutuwa, sai Albiruni ya tambaye shi wata mas'ala ta rabon gadon kakanni mata. Malamin ya yi mamakin tambaya a irin wannan hali. Shi kuwa ya nuna masa cewa ya bar duniya yana sane da mas'alar ya fi masa ya bar ta yana jahiltarta. Malamin ya yi masa bayani, ya fita, bai yi nisa ba ya jiyo kuka. Ya rasu a Gazna wajajen shekara ta 440 bayan Hijira, yana da shekara kusan tamanin. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa.

KIRA GA MALAMAI DA IYAYE

Na san uzurin da za a kawo: babu ɗakin gwaje-gwaje, babu kayan aiki. Gaskiya ne makarantunmu da yawa ba su da su, kuma haƙƙi ne a kan masu iko su samar. Amma kafin nan, kaskon Albiruni yana kowane gida. Butar alwala ce.

Malam, ka cika buta har ruwa ya fara zuba ta hanci, ka jira ya tsaya. Ka sa yaro ya auna ɗan dutse a ƙaramin sikeli, ya rubuta giram nawa ne. Ya saka shi a hankali cikin butar, wani ya tari ruwan da ya zubo a kofi, su auna shi da sirinji. Su raba nauyin da yawan ruwan. Dutsen da aka tsinta a hanya zai ba su tsakanin biyu da rabi zuwa uku, notin ƙarfe kuma kusa da takwas. Su yi sau uku. Idan amsoshin sun ɗan bambanta, kada ka gyara musu, ka tambaye su daga ina bambancin ya fito.

Ko ka kawo kofi biyu da ƙwai da gishiri. Kafin a taɓa komai, kowa ya rubuta abin da yake zato. A sa ƙwan a ruwan daɗi, zai nutse. A narka gishiri mai yawa a ɗaya kofin, a sa ƙwan nan dai, zai taso. Kofi iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, ƙwai ɗaya, gishiri kaɗai aka canza. Yaron da ya gane dalilin da ya sa abu ɗaya kawai ake canzawa, ya riƙe kan hanyar binciken kimiyya. Tambaya, sai zato, sai gwaji, sai rubutu, sai maimaitawa, sannan a faɗi abin da aka samu ko da ya saɓa wa zato. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wannan matakin na ƙarshe shi ne ya fi damuna. Yaron da aka saba masa ya goge abin da ya samu, ya kwafi lambar da ke cikin littafi don ya sami maki, wallahi ha'inci ake koya masa ba a sani ba. Gobe shi ne zai zauna a ɗakin gwajin jini, shi ne zai auna siminti a ginin gada, shi ne zai riƙe mudu a kasuwa. Kuma kun san abin da Suratul Muɗaffifina ta tanadar wa masu tauye awo. Ku yaba wa yaron da ya kawo amsar da ya samu da gaskiya, ko da ta kauce, fiye da wanda ya kawo daidai ta hanyar sata.

Iyaye, idan yaro ya tambaye ku me ya sa jirgin ruwa ba ya nutsewa alhali ƙarfe ne, kada a ce ya cika surutu. Ku ba shi roba da ruwa da murfin tukunya da cokali, ku ce ya gwada ya zo ya faɗa muku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya shirya mana zuriya, Ya sa su zama masu gaskiya a magana da awo. Wanda ya gwada na butar nan da ɗalibansa ko 'ya'yansa, ya rubuto mana abin da suka samu.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.